Yadda ake shirya yaro zuwa intabiyun makarantar kwana da yadda ake tsara ranakun

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana. Duk shekara idan zango na biyu ya raba tsakiya sai kaga wayata bata hutawa, wannan ya kira yace fom ɗin makaranta kaza ya fito ya ake cikewa, wancan yace an turo musu saƙo wai su kawo yaro intabiyu ranar Asabar me da me zasu riƙe, shine naga gara na zauna na rubuta abin da na sani gaba ɗaya, tunda na kai 'yata, na kai ɗan yayana da yake hannuna, na kuma raka maƙwabta har sau biyu, kuma cikin tafiye-tafiyen nan akwai wadda muka dawo ana ta hira da dariya, akwai wadda muka dawo motar tsit har muka shigo Kano babu wanda ya ce uffan.

Abin da na fahimta shine jarrabawar rubutu ta riga ta gaya wa makaranta ko yaronka ya iya lissafi da Turanci. Ranar da suka ce a kawo shi su gan shi ido da ido, abin da suke so su gane shine wannan yaron zai iya kwana ya tashi, ya yi wanka, ya nemo takalminsa, ya buɗe baki ya ce bani da lafiya, alhali uwarsa tana nesa da shi? Sannan takardunsa sun yi daidai da juna? A nan yawancinmu muke faɗuwa, mu tara wa yaro malamin lesin har uku amma bai san cikakken sunansa na takarda ba.

Fara da sanin irin makarantar da kake nema domin tsarinsu ba ɗaya bane. Makarantun gwamnatin tarayya da ake ce wa Unity, irin su FGC Kano, FGC Kaduna ta Malali, FGGC Kazaure, FGGC Bakori da FGGC Minjibir, ƙofar shiga aji ɗaya ita ce kwaman entirans ta ƙasa wadda NECO take shiryawa, a 'yan shekarun nan yawanci tsakanin Mayu da Yuni ake rubuta ta, kuma a can makin jarrabawa ne babba, sai tantance takardu idan ka kai yaro. Makarantun soja kuwa irin NMS Zariya, wadda tun 1954 take kuma ta maza ce zalla, da ta sojan sama da ke Jos, nasu ya fi tsauri, bayan jarrabawa ana kiran waɗanda suka haye, likita ya duba su, a gwada ƙarfin jiki, a yi musu tambayoyi baki da baki, don haka ka tafi da shirin kwana. Akwai makarantun kimiyya na jihar Kano irin Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977, su yanzu wanda ya gama aji uku na ƙaramar sakandare suke ɗauka ta hannun hukumar makarantun kimiyya da fasaha. Sai makarantun kuɗi da na tahfiz masu kwana, to su ne asalin masu intabiyu irin wanda ake zaunar da yaro, sau da yawa har da iyayen, kuma su ne kake da damar neman a canja maka rana.

Yanzu maganar rana, wadda ita ce mutane suka fi rainawa. Ka samo kalanda ta bango ko littafi, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa ko saƙonnin WhatsApp da suke ɓacewa cikin hirar gurup. Tunda sabuwar shekarar karatu a Satumba take farawa, ka lissafo baya, kowace makaranta ka rubuta mata abu huɗu a layi ɗaya, ranar rufe sayar da fom, ranar jarrabawa, ranar intabiyu, da ranar ƙarshe ta biyan kuɗin amincewa idan an ɗauki yaro. Makarantun kuɗi da yawa tun zango na biyu suke fara sayar da fom kuma rukuni-rukuni suke yi, rukunin farko, na biyu, wani lokaci har na uku. Idan da hali ka shiga rukunin farko, lokacin gado yana nan a hostal, malamai basu gaji ba, kuma idan ba a dace ba kana da sauran lokacin neman wata. Wanda ya jira rukunin ƙarshe a Agusta yana kokawa ne a kan 'yan guraben da suka rage.

Ni shawarata kada ka wuce makarantu uku. Kowace ɗaya kuɗin fom ne, kuɗin mota ne, kuma yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yana gajiya, idan ka yi ta yawo da shi gari-gari kowane sati zaka ga a ta huɗu ya koma amsa da ka kawai. Sannan idan aka baka zaɓin rana, makarantar da ka fi so kada ta zama ta farko. Ka sa wadda bata kai ta ba a gaba, yaro ya ɗanɗana yadda abin yake, ya san yadda ake ƙwanƙwasa ƙofa a shiga a gaida manya huɗu a bayan tebur, tsoron farko ya fita, sannan a je wadda ake so da gaske bayan sati ɗaya ko biyu. Da 'yata haka muka yi kuma bambancin a fili yake, a ta farko muryarta ko ni da nake kusa bana ji, a ta biyu har ita ta tambayi malamar ko ana barinsu su riƙe Alƙur'aninsu a hostal.

Ka nemi lokacin safe, tsakanin tara da sha ɗaya. Yaro yana da kuzari, masu tambaya basu ga yara hamsin ba tukuna. Ka guji Juma'a da rana saboda masallaci zai raba zaman biyu ku wuni a can, ka duba kada ranar ta faɗo cikin satin Sallah lokacin da tasha take cika kuɗin mota ya ninka, kuma ka tambayi hedimastan firamarensu ranakun jarrabawarsu ta ƙarshe kada su yi karo. Idan ranaku biyu suka haɗu, ƙa'idar mai sauƙi ce, ta gwamnati da ta soja ba a ɗaga maka, don haka ta kuɗin zaka roƙa. Ka kira ofishin ɗaukar ɗalibai a lokacin aiki, ka yi sallama, ka faɗi sunan yaro da lambar fom ɗinsa, ka faɗi uzurinka a taƙaice, kai da kanka ka kawo ranaku biyu da zaka iya, sannan ka roƙa a turo maka sabuwar ranar a rubuce, tes ko imel. Wannan rubutun shine hujjarka a bakin get, domin maigadi da jerin sunaye yake aiki, "ai mun yi waya da wani malami" bata buɗe ƙofa. Kuma ka yi wannan kiran da wuri, ranar da ka gano karon, kada ka bari sai ana gobe.

Wani abu da ya taɓa cin mu, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Lokacin da muka cike wa ɗan yayana fom ɗin wata makaranta a kafe, wato shagon intanet, yaron da ke cikewa ya tambayi imel nace bani da shi a kai, sai ya sa nasa ya kuma sa lambar wayarsa don ya karɓi lambar sirri, muka biya muka tafi. Yaro ya rubuta jarrabawa ya ci, makaranta ta tura gayyatar intabiyu, saƙon ya tafi wayar mai kafe, shi kuma mutum ɗari yake cike wa bai ma san na wane bane. Sai da na gaji da jira na je makarantar da ƙafata aka ce ai rukuninsu sun yi tun kwana tara da suka wuce. Allah ya taimaka suka sa shi a rukuni na gaba bayan na rubuta takardar roƙo. Don Allah ka tsaya a kan mai cike fom, lambarka ce za a sa, imel ɗinka ne za a sa, ka karanta komai a kan kwamfutar kafin ya tura, ka karɓi silif ɗin da aka buga ka ɗauke shi hoto a waya. Kuma kada ka zauna jiran saƙo, sati biyu bayan jarrabawa ka fara leƙa shafin makarantar ko ka kira.

Sai takardu. Ka sayi fayil na roba mai maɓalli saboda damina ce lokacin, ka zuba takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ta ƙasa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, silif ɗin NIN na yaro tunda makarantu da yawa yanzu suna nema, rifot kat na aji biyar da shida, testimoniyal ko wasiƙar hedimasta mai sitamfi, silif ɗin jarrabawa, risit na duk kuɗin da ka biya, da hoton fasfo sabo kamar guda takwas, ka duba ko farin bango suke so ko ja. Kowace takarda ka yi mata fotokwafi uku, orijina a aljihu ɗaya kwafi a ɗayan, kuma orijina a nuna ne a dawo maka da ita, kada ka baro ta a can.

Daga nan ka shimfiɗa su duka a kan tabarma ka karanta harafi da harafi. Mu Hausawa a nan matsalarmu take, takardar haihuwa ta ce Muhammad, rifot kat ya ce Mohammed, NIN ya ce Muhammed, a wata an sa sunan kaka a ƙarshe a wata an sa sunan gari. Ranar haihuwa ma haka, wata takarda ta ce Maris wata ta ce Mayu. Mu a wajenmu duk mutum ɗaya ne amma mai tantancewa abin da ke rubuce yake bi. Idan ka ga saɓani ka gyara tun yanzu, na makaranta hedimasta zai iya sake rubutawa, wani sai ka je kotu an yi afidabit, gyaran NIN kuwa a ofishin NIMC ake yi kuma yana cin lokaci, shi yasa nake cewa wata biyu kafin intabiyu ya kamata a yi wannan zaman. Kuma ina roƙonku kada a ƙara wa yaro shekaru ko a rage don ya shiga, kowace makaranta ta rubuta shekarun da take ɗauka a fom, ƙaryar da ka dasa yau ita zata bi shi har WAEC da JAMB, bayan haka yaron da bai kai ba wahala yake sha a hannun manyansa a hostal.

Asibiti. Makarantu da yawa suna neman takardar likita, wasu sai ta asibitin gwamnati suke karɓa, ka tambaya kafin ka kashe kuɗi. Yawanci rukunin jini ne da jinotaif, wato AA ko AS ko SS, da duba ido da ƙirji. Abin da zan jaddada shine gaskiya. Idan yaro sikila ne, ko yana da asma, ko farfaɗiya, ko akwai abincin da jikinsa baya so, ka faɗa. Na san tsoron da ke zuciyar uwa, kada a ce an ƙi ɗaukarsa, amma ki tuna ƙarfe biyun dare cikin sanyin hunturu idan ciwo ya tashi, metron, wato matar da ke kula da yara a hostal, wadda bata san komai ba ita ce a kansa. Makarantar da ta ƙi shi saboda bata da kilinik mai kyau ta yi miki alheri. Haka fitsarin kwance, yara da yawa a wannan shekarun suna yi, a fara magance shi tun yanzu a ga likita, a rage shan ruwa da daddare, a riƙa tashinsa, kuma a sanar da metron a keɓe ba a gaban yaron ba.

Toh yanzu shirin yaron kansa, nan zan daɗe. Abu na farko ka zauna da shi ka tambaye shi ko yana son makarantar kwanan ma. Kusan ko'ina suna yin wannan tambayar, me yasa kake son zuwa nan, kuma yaro baya iya ɓoye fuska, na ga wanda ya ce "Abbana ne yace dole" ya fashe da kuka a gabansu. Idan yana tsoro ka ji tsoron menene, siniyoyi ne, abinci ne, kewar Ummansa ce, ka kai shi ya ga makarantar kafin ranar idan kusa ce, ko ka haɗa shi da wani yaro da yake can su yi hira. Kada ka taɓa yi masa barazana da bodin, irin "bari na kai ka makarantar kwana ka gane kurenka", wanda aka tsorata da wuri ba zai zauna ya ce yana son wurin ba.

Sannan ya san kansa. Cikakken sunansa kamar yadda yake a takarda, domin yaranmu da yawa da laƙabi suka tashi, Abba, Ummi, Walid, Nana, Khalifa, saboda an sa musu sunan kaka ana alkunya, sai a kira sunan gaskiya a layi yaro yana zaune bai motsa ba. Ya san ranar haihuwarsa da shekarar, sunan mahaifinsa cikakke, ka gaya masa a wannan wurin faɗin sunan Abba ba rashin kunya bane, kada ya ce "Alhaji" ya yi shiru. Ya san sana'ar uwa da uba, unguwarsu, ƙaramar hukumarsu, jiharsu da sunan gwamna, sunan shugaban ƙasa, sunan firamarensu da na hedimasta, kuma ya haddace lambar waya ɗaya ta gida. Wannan na ƙarshen ko ba don intabiyu ba wajibi ne ga duk yaron da zai bar gida.

Akwai kuma maganar sunkuyar da kai. Mun tarbiyyantar da yaranmu kada su kalli babba cikin ido, su yi magana ƙasa-ƙasa, kuma tarbiyya ce mai kyau ina alfahari da ita, amma a gaban masu intabiyu musamman idan ba 'yan nan bane sai su ɗauka yaron bai sani bane ko tsoro ya cika shi. Ka koya masa tsaka-tsaki, ya yi sallama ko ya ƙwanƙwasa, ya gaida su da ladabi, ya jira a ce ya zauna, ya ɗago kai ya kalli wajen mai tambaya, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. Idan bai ji tambaya ba ya roƙa a maimaita. Idan bai sani ba ya ce bai sani ba, ya fi ya tsaya yana wasa da yatsu minti biyu.

Karatun da ake tambaya ba mai zurfi bane. A miƙa masa ɗan sakin layi na Turanci ya karanta da ƙarfi a tambaye shi me ya fahimta, taims tebur har sha biyu, ɗan lissafin baki irin na canjin kuɗi, wani wurin a ce ya rubuta layi biyar a kan kansa ko garinsu. A makarantun tahfiz za a ce izu nawa gare ka, a ja masa baƙi ya ci gaba, a saurari tajwidinsa, a tambayi farillan alwala. Nan ma gaskiya, idan izu biyar ne masu ƙarfi a ce biyar, kada a ce goma a ja masa daga inda ya manta. Hanya mafi amfani da na gani ita ce minti ashirin kullum bayan Magariba ko bayan Isha'i, ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi ya baka labarin abin da ya karanta da bakinsa, har tsawon sati shida. Kada ka rubuta masa amsoshi ya haddace, malaman nan sun ga dubban yara, suna jin hadda suke canja tambayar, yaro ya kafe.

Sati biyu kafin ranar a yi gwaji a gida sau biyu ko uku, amma ba kai zaka yi ba, ya saba da kai. Ka roƙi wani da yake jin nauyinsa, kawunsa ko wani malami maƙwabci, a sa kujera da tebur a zaure, yaro ya sa kayan da zai sa, ya yi sallama ya shigo, a yi minti goma da Turanci da Hausa. Da muka yi wa 'yata, ƙanen mamanta ne ya zauna, ya tambaye ta "wa yake miki wanki?" ta ce Umma, "wa yake miki kitso?" ta ce Umma, "to idan Umma bata nan fa?" ta yi shiru tana kallona. Wannan shirun shi ya nuna mana aikin da ya rage. Daga ranar ta fara wanke yunifom ɗinta da safa, gyaran gado, ɗebo ruwa a bokiti ta kai banɗaki, tashi da asuba da agogo ba tare da an tashe ta ba, mamanta kuma ta zaunar da ita ta yi mata bayanin al'ada da yadda ake kula da kai, domin yarinya da yawa a makaranta abin yake fara zuwar mata. Kuma wallahi a intabiyun gaske sai da suka yi mata kusan wannan tambayar, ta amsa da abin da take yi da hannunta.

Tafiya. Idan garin ya wuce awa biyu ku tafi ana gobe ku kwana wajen 'yan uwa ko masauki, kada ka ce zaka yi sammako daga Kano ka riski ƙarfe tara a Kaduna ko Jos, faci ɗaya ko ruwan sama ko shingen bincike ya isa ya ɓata komai, kuma halin da hanyoyinmu suke ciki tafiyar dare da yaro ba abin yi bace. Daren a goge kaya, yunifom ɗin firamare mai tsabta ya wadatar idan basu faɗi wani abu ba, a yi aski ko kitso mai sauƙi, a yanke farce domin suna dubawa, takalmi rufaffe ko sandal da safa. Idan ta soja ce a haɗa da gajeren wando da kambas na gudu. A jaka a sa biro biyu, fensir, ruwa, ɗan biskit ko dabino, da maganinsa idan yana sha. Ya kwanta da wuri, babu karatu a daren. Da safe ya karya da abin da cikinsa ya saba, ku yi addu'a tare, ku isa get da kamar minti arba'in a hannu, ka nuna masa banɗaki kafin a fara kira.

Idan makaranta ta ce ta Zoom ko bidiyon WhatsApp za a yi, kamar yadda wasu suke yi wa waɗanda ke nesa, ka gwada link ɗin tun ana gobe, caji ya cika, data ta wadata, a samu ɗaki mai haske babu hayaniyar ƙanne, a jingina wayar a kan wani abu, kai kuma ka fita daga bayan kyamara, suna gane yaron da ake raɗa wa amsa daga yadda idonsa yake zuwa gefe.

Idan an shigar da ku tare, ka riƙe bakinka. Wannan ya fi komai wuya ga uba, a tambayi ɗanka bakwai sau takwas kaga yana lissafi da yatsa kai kuma amsar tana kan harshenka. Ka bar shi. Idan aka juyo kanka ka amsa gaskiya, wa zai riƙa zuwa bizitin, wa za a kira idan bashi da lafiya, yaya halinsa yake a gida, ka faɗi kyawunsa ka faɗi inda yake da rauni.

Kuma kai ma ranar taka ce ta tantance su, amanar ɗanka zaka bar musu shekara shida. Ka roƙa a nuna maka hostal da banɗaki da dainin, idanunka su gani, kada ka tsaya a ofishin firinsifal mai sanyi. Yara nawa ne a ɗaki, akwai babban da yake kwana kusa da su, daga ina ruwa yake zuwa kuma idan injin ya lalace ya ake yi, akwai nas da daddare, wane asibiti ake kai yaro kuma a wane mataki ake kiran iyaye, me ake yi wa siniyan da ya daki ƙarami, akwai masallaci da mai kula da sallar yara, ta yaya yaro zai yi waya gida. Sai tsaro, kuma kada ka ji kunyar tambaya, bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Birnin Yauri a Yunin 2021, babu uban da za a ce ya cika tambaya. Ka zagaya ka ga katanga, ka ga nisan makarantar da gari da jami'an tsaro, ka lura da yadda maigadi ya bincike ka da ka zo, idan ka shige babu wanda ya ce maka daga ina, to kowa ma haka zai shige. Ka kuma kalli fuskokin ɗaliban da ke wucewa, ka gaida ɗaya ko biyu ka tambaye su abin da suka ci da safe.

Kafin ka fita ka tambayi yaushe sakamako zai fito kuma ta wace hanya, nawa ne kuɗin amincewa, kwana nawa ake bayarwa a biya, ana mayarwa idan an fasa ko ba a mayarwa, da cikakken lissafin kuɗin zango har da yunifom da littattafai a rubuce. Wannan yana da muhimmanci saboda wata makarantar zata baka sati ɗaya ka biya alhali wadda ka fi so bata saki nata ba tukuna, sai ka san ko zaka roƙi ƙarin kwanaki ko zaka haƙura da kuɗin. Duk biyan kuɗi a asusun makaranta ne mai sunanta, na gwamnatin tarayya ta Remita, wato hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, ka karɓi risit. Duk wanda ya tare ka a bakin get ko ya kira ka yace yana da gurbi ka tura asusunsa, ka rabu da shi.

Idan yaro ya fito kada ka tare shi da "me suka tambaye ka, me ka ce, ai ba haka ake cewa ba". Ka ce masa sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka, ka nema masa abinci, a mota da kansa zai fara baka labari, kai kuma ka riƙe tambayoyin a ka, da kun isa gida ka rubuta su a littafin nan na ranaku saboda intabiyu na gaba da kuma ƙannensa. Idan ranar da suka faɗa ta wuce da kwana uku baka ji komai ba ka kira, idan an ce yana jerin jira ka tambayi yaushe ake sakin rukuni na biyu ka rubuta ranar. Idan kuma sunansa ya fito, ka je ka karɓi takardar ɗauka da jerin kayan da ake buƙata a satin, ka duba sunan da aka buga a kanta ya yi daidai da na takardar haihuwa kafin ka bar ofishin, sannan a fara sayayya da wuri kafin kasuwa ta cika a ƙarshen Agusta, akwati, bokiti, gidan sauro, tocila, kwano da kofi, a sami alƙalamin maka mai kyau wanda ruwa baya gogewa a rubuta sunansa a jikin komai har da murfin bokitin da cikin takalmi.